Yadda Magidanci Zai Koma Kaza Cikin Kwana 21

Duk wanda ya sayi injin ƙyanƙyasa yana ɗauka ya sallami kaza daga aiki ne. Ba haka ba ne, Malam. Aikin yana nan, ma'aikacin kawai aka sauya, kuma kai ne sabon. Kazar gida takan rufe ƙwai goma zuwa sha biyu, ta ɗumama su, ta riƙa juya su da baki dare da rana, ta tashi sau ɗaya a yini ta yi ɗan tsince-tsince ta sha ruwa ta koma, kuma ba ta taɓa leƙowa ta tambaya ko an kawo wuta ba. Kai kuwa ka ce kana da boko, kana da batir, ƙwai sittin za ka ɗauka lokaci guda. To, bismilla. Ga abin da ya kamata ka sani kafin ka hau kwanci.

Fara da ƙwan. Kada ka je wurin mai shayi ka sayo kiret ka jera a inji kana jiran ikon Allah. Ƙwan gidan gona na kajin da ba su taɓa haɗa ido da zakara ba ne, ko shekara za ka yi kana gasa shi ba abin da zai fito sai wari. Ƙwan da kake nema shi ne na gidan da zakara ke kai-kawo, kuma zakara ɗaya ga kaji kamar goma, domin in suka fi haka yawa, komai cika bakinsa da asuba, ba zai iya adalci ba. Zaɓi mai matsakaicin girma, marar tsaga, marar ƙazanta. Kada ka wanke shi. Ɓawon ƙwai yana da dubban ƙananan ƙofofi da ɗan tsako ke shaƙar iska ta cikinsu, kuma kaza ta shafe shi da wani siririn rufi da ke tare ƙwayoyin cuta, ruwa da sabulu suna cire shi. Wanda ya wuce mako guda a ajiye ƙarfinsa ya fara raguwa, a zafin bazara ma bai kai haka ba. Ka ajiye shi wuri mai sanyi, gindin randa misali, ban da firji, tsinin yana kallon ƙasa.

Za a sami wata gwaggo da za ta gaya maka cewa mai tsini zakara ne, mai zagaye kaza. Ka ce, "To, Gwaggo, Allah ya ƙara girma," ka ci gaba da aikinka. Siffar ƙwai ba ta faɗin komai a kan wannan, kusan rabi da rabi za ka samu ko ka so ko ka ƙi.

Sai batun mallaka, wanda takardar da ke cikin kwalin injin ba ta ambata ba. A yawancin gidajenmu kaji na uwargida ne. Da su take fita kunyar biki da suna, da su take sayen omo ran da aljihunka ya yi shiru. In ka kwashi ƙwanta ba ciniki, ka sani ka kafa kamfani ne da jarin wani. Ku yi magana tun ƙwai yana ƙwai.

Yanzu zafi. Abin da ake so shi ne digiri 37.5 a ma'aunin Salshiyos, ba sama ba ƙasa, har kwana 21. Ka kunna injin ya yi kwana guda babu komai a ciki, ka sa wani ma'aunin zafin daban, ko irin na asibiti ne, ka ga ko bakinsu ya zo ɗaya, domin lambar da ƙaramin inji ke nunawa a goshinsa wani lokaci ra'ayinsa ne kawai. Mutanen Masar sun yi shekara fiye da dubu biyu suna ƙyanƙyasar dubban ƙwai a ɗakunan tubali da wutar kashin dabbobi, kuma gwanayensu kan ɗora ƙwai a fatar ido su gane ko zafin ya yi daidai. Su gadonsu ne. Kai ka sayi ma'auni, kada yara su shigo su tarar da babansu da ƙwai a ido.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, zafi ya fi sanyi kisa. In aka ɗauke wuta na 'yan sa'o'i, ƙwan zai huce, ɗan tsako ya ɗan jinkirta, amma galibi yana rayuwa, muddin ba ka buɗe murfin ba. Lulluɓe injin da bargo, ka bar masa kafar iska. Amma in zafi ya haura 40 ya daɗe a can, ka dafa ƙwai ne a hankali. Wannan ya sa watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ya zama jarrabawa, domin ɗakin kwano da azahar yana iya wuce abin da injin ke nema, shi kuma ƙaramin inji ɗumamawa ya iya, bai iya sanyayawa ba. Nema masa ɗakin da ya fi ko'ina sanyi, nesa da taga. In ɗakin nan naka ne, to kun zama ku biyu.

Game da wuta kuwa, kada ka fara sai ka tanadi batir da sola, ko injin da ke aiki da kananzir. Wanda ya dogara da wutar layi kaɗai zai koyi abubuwa da yawa game da kansa. Za ka ga dattijo mai jikoki, wanda ko kukan jariri bai taɓa tashinsa ba, ya yi zumbur ƙarfe biyun dare saboda fanka ta tsaya, yana laluben tocila yana salati. Uwargida ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Malam, lafiya? Ɓarayi ne?" Ya ce, "Ƙwai ne." Ta juya ta ja mayafi.

Laima ita ce abin da sababbin shiga ke mantawa. Ƙwai yana rage ruwa a hankali ta ƙofofin ɓawonsa, kuma haka ake so, domin wurin da ruwan ya bari ne ke zama ɗakin iska a ɓangare mai faɗi, inda ɗan tsako zai fara numfashi. Laimar kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari ta isa a kwana 18 na farko. Da hunturu iska ta bushe ƙayau, farantin ruwan da ke ƙasan injin zai riƙa ƙafewa kamar ana sata, sai ka riƙa ƙarawa, da ruwa mai ɗumi. Da damina kuwa, a watan Agusta, iskar da kanta ta jiƙe, in ka cika faranti sai ɗakin iskar ya ƙi girma, ɗan tsako ya kai ƙarshe ya rasa inda zai sa hanci.

Juyi kuma, in injinka ba mai juya kansa ba ne, aƙalla sau uku a rana, biyar ya fi. A bar shi mara, domin kada ƙwai ya kwana a gefe ɗaya dare biyu a jere. Dalili shi ne kada ɗan da ke ciki ya manne wa ɓawo. Sa alama da fensir a gefe biyu don ka san inda ka kwana, ka wanke hannu kafin ka taɓa. Sau biyar a rana ba baƙon lissafi ba ne a wurinmu, ka haɗa shi da lokutan salla ka huta. Daga nan fa ba ka da tafiya. Ɗaurin aure a Gusau, ta'aziyya a Azare, duk sai dai ka aika wakili, kuma ka nemi uzurin da ya fi "ina kan ƙwai" daɗin ji.

Ranar bakwai zuwa ta goma akwai ɗan daɗi. Kashe fitila, ka ɗora ɓangare mai faɗi a kan tocilar waya. Mai rai za ka ga jijiyoyi ja sun bazu, da ɗan baƙin ɗigo yana motsi, idon ɗan tsakon ke nan, zuciyarsa kuwa tun kwana na uku take bugawa. Wanda haske ya ratsa fes, ba komai a ciki. Mai jan zobe ya fara ya fasa. Fitar da su, kada tausayi ya hana ka. Bara-gurbi ba ya tuba, ruɓewa yake yi har ya fashe, ya ɓata na kirki, ya bar maka warin da zai sa maƙwabta su fara tambayar ko akwai abin da ya mutu a rufi.

In ka haɗa da ƙwan zabi, ka san nasu kwana 26 zuwa 28 ne, talo-talo 28, agwagwar gida irin mai jan fuska kuwa sai ta kai 35. Mutanen karkara da ke sa wa kaza ƙwan zabi sun san wannan tuni, shi ya sa suke fara sa na zabin da kamar mako guda kafin nata.

Ranar 18 ka daina juyi, ka ɗaga laima zuwa 65 ko 70, ka rufe injin, ka sa hannuwanka a aljihu. Nan ne mazaje ke faɗuwa. Wajen kwana na 20 za ka fara jin tsiu-tsiu daga cikin ƙwan da bai fashe ba, sannan ka ga ɗan tsini ya ɓullo a ɓawo. Daga nan sai shiru. Sa'a shida, sa'a goma, ba motsi. Zuciyarka za ta ce maka yaron nan ya gaji, ɗauko tsinke ka taimaka. Kada ka yarda. Hutawa yake yi, yana janye sauran gwaiduwa zuwa cikinsa, jijiyoyin da ke jikin ɓawon suna ƙafewa, kuma daga huda zuwa fita yana iya cin kwana guda cur. In ka ɓare shi da wuri jini za ka gani. Duk buɗewar da ka yi kuma laima na gudu, fatar cikin ƙwan ta bushe ta naɗe sauran. Wanda ya fito a jiƙe, yana tangaɗi yana tattaka 'yan'uwansa, ƙyale shi ya bushe a ciki, gwaiduwar nan ta ishe shi guzurin kwana biyu. Yara su kalla ta gilashi, kai ma haka.

In cikin goma bakwai ko takwas suka fito, ka yi abin kai. Kada ka tsaya jimamin sauran, ko kazar ma takan tashi ta bar bara-gurbi.

Sai dai fa uwa ba ta ƙarewa a ƙyanƙyasa. Makon farko suna son zafin 32 zuwa 35, a riƙa ragewa kamar digiri uku duk mako. Su za su gaya maka: in sun cure a gindin fitila sanyi suke ji, in sun watse bango suna haki zafi ya yi yawa. Ka sa tsakuwa a kaskon ruwansu, domin ɗan tsako yana iya nutsewa a ruwan da bai kai gaɓar yatsa ba. Ka nemi malamin dabbobi ya tsara maka rigakafin cututtukan Niyukasil da Gumboro, akwai alluran da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ke yi, kada ka jira sanyin hunturu ya zo ya share akurkin a mako guda. An ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Gaskiya ne, amma ka sa raga.

Abu na ƙarshe da zai same ka shi ne suna. Kafin 'yan tsakin su yi fiffike, labari ya zaga unguwa cewa Malam yana da inji. Za a fara sallama bayan magariba, kowa da ƙwai biyar a hula: "Don Allah a ɗan cusa mini waɗannan." In ka karɓa alhali naka sun yi kwana goma a ciki, ranar da naka ke son a rufe a ƙara laima, nasa na son juyi, sai ku yi asara tare, kuma kai za a zarga. Ka ce masa a kawo ranar da za ka zuba sabo, a rubuta suna da fensir, kuma cikin kowane biyar da suka fito ɗaya na mai batir ne.