Masu Zama a Ajin Lissafin Yiwuwa

Daga kasuwar Sankaryaaré zuwa Jami'ar Joseph Ki-Zerbo da ke Zogona tafiyar babur ce kaɗan, kuma duk ɗan zangon da ya zaɓi fannin lissafi sai ya gamu da darasin yiwuwa, inda ake auna abin da bai faru ba tukuna da lamba tsakanin 0 da 1. Darasin ɗaya ne, amma kowa da halin da ya taho da shi daga gida.

A sahun gaba akwai ɗan doki. Digiri bai dame shi ba, sirrin cacar dawaki ta PMU'B ya kawo shi. Tun da ya ji cewa caca ce ta haifi ilimin, a wasiƙun da Pascal da Fermat suka yi musaya a 1654 kan yadda za a raba kuɗi idan wasa ya katse, bai ƙara fashi ba. Malam ya nuna masa a allo: dawaki 16, a fitar da ukun farko bi da bi, 16 sau 15 sau 14, hanyoyi 3,360 ke nan, kuma hukumar caca ta LONAB sai ta cire rabonta kafin a raba sauran. Ya gyaɗa kai, ya rubuta tsaf. Ana tashi sai ga shi a rumfar tikiti, yana cewa ai Malam bai san dokin nan ba. Dokin kuwa a Faransa yake gudu, shi ma ko jelarsa bai taɓa gani ba. Lamba 7 ta daɗe ba ta fito ba, don haka a wurinsa lokacinta ya yi, kamar lambar tana riƙe da littafin bashi.

Bayansa sai mai rabi-da-rabi. Ruwa gobe? Ko a yi ko kada a yi, 50 cikin 100. Ƙwayar lido ta ba da 6? Haka nan. Jarrabawa ce kaɗai ta saɓa masa, ta ba shi 4 bisa 20.

Ustaz kuma ba ya bari a wuce sai ya ɗaga hannu: "Gafarta Malam, abin da Allah ya rubuta ai babu ɗaya bisa shida a ciki." Malam ya ce gaskiya ne, mu rashin saninmu muke aunawa. Abin haushin, Ustaz ya fi kowa iya lissafin, sai dai a ƙasan kowace amsa yana ƙara "Allahu a'alamu".

Mai hadda ɗan makarantar allo ne. Ƙa'idojin da Kolmogorov ya shimfiɗa a 1933 yana karanto su babu gargada, har da rausaya. Amma a sauya ƙwallaye ja da fari na cikin tukunya a sa goro ja da fari, sai ya ce ba a koya musu wannan ba.

Wadda nake ganin ta fi su duka ita ce 'yar Hajiya mai atamfa. Ƙa'idar Bayes, wadda aka buga a 1763 bayan rasuwar mai ita, ba ta ba ta mamaki ba. Tun tana ƙarama take gani a kasuwa: baƙo ya zo neman bashi, Hajiya ta yi masa ƙiyasi, ya ambaci mai gidan da ta sani, ƙiyasin ya hau, ya fara rantsuwa ba a tambaye shi ba, ya faɗi warwas. Sabon labari, sabon lissafi. Haruffan Girka ne kawai baƙi a wurinta.

Sai mai gardama. Malam ya ce cikin mutum 23, yiwuwar a samu biyu masu ranar haihuwa ɗaya ta ɗara rabi. Ya rantse ƙarya ne, a gwada. Aka ce kowa ya fito da katin shaidarsa. Tun kafin a gama sahu na biyu an tara gungun waɗanda aka haifa 1 ga Janairu, ga na 31 ga Disamba can gefe, duk waɗanda iyayensu suka ce wa ma'aikacin rajista "wajen kaka ne dai". Malam ya dafe kai, don lissafinsa ya ɗauka ranakun shekara kunnen doki suke. Mai gardama kuwa katinsa na aljihu, ya ƙi fitarwa.