Ashe Ba a Nan Gizo Ke Saƙar Ba

A gidanmu, duk wanda ya taɓa gyara wa wani saitin WhatsApp ya zama injiniya har abada. Shi ya sa da Kawu, mai sayar da shadda da yadi a Kantin Kwari, ya lura shafin intanet ɗin da ya kashe wa kuɗi ba ya fitowa a Google, ni ya aika a kira.

"Kai ɗan boko," in ji shi, "da hannuna na rubuta sunan shagona, sai ga shagon maƙwabcina ya fito. Sammu aka yi mini ko me?"

Na ce, "Kawu, ba sammu ba ne. Bincike za a yi wa shafin, akwai manhajojin da aikinsu ke nan." Ban taɓa buɗe ko ɗaya ba, amma na faɗa da muryar wanda ya ci ya ƙoshi da su.

Da dare na shiga neman wadda ta fi. Duk jerin gwanaye goma da na buɗe, kamfanin da ya rubuta jerin shi ne na ɗaya, sauran tara kuma an yabe su yabon kishiya. Manya irin su Semrush da Ahrefs, tsarinsu na ƙwararru ya haura dala 100 a wata; na buga lissafi da naira, na rufe kalkuleta a hankali. Akwai Screaming Frog ta Ingila, wadda ke duba adireshi 500 kyauta, amma da ta zubo mini jadawali mai layi kan layi ba ado, sai na raina ta. Ni launi nake so, da agogon maki, abin da zan nuna wa Kawu ya jinjina kai. Haka na faɗa hannun wata da ba zan kama sunanta ba, mai gwaji kyauta, sai dai fa ka fara ajiye lambar katin banki. Na ajiye na Kawu.

Yadda irin waɗannan manhajoji ke aiki shi ne su saki ɗan gizonsu ya bi shafin mahaɗi bayan mahaɗi, kamar yadda Googlebot, gizon Google, ke yi, yana rubuta abin da ya tarar: ƙofar da ba ta kai ko'ina, wato 404, hoton da ya yi nauyi, kanun da aka maimaita. Akwai wurin zaɓen gudun gizon. Da yake ni ba mai son ɓata lokaci ba ne, na murɗa shi har ƙarshe.

Masaukin shafin namu kuwa mai araha ne, irin wanda ake cunkusa shafuka da yawa a kan na'ura guda. Buƙatu suka yi masa rubdugu, ya sume. A daidai wannan lokaci Kawu na zaune da wani babban dillali da ya zo daga Maraɗi, ya zaro waya da alfahari zai nuna masa sabbin kaya. Farin allo suka gani, da lamba 503 a tsakiya.

Wayata ta yi ƙara. "Wane ne 503?"

"Kawu, alama ce ta ana aiki."

"To dillalin ya tambaya ko kuɗin yadi ne."

Da shafin ya farfaɗo, rahoto ya fito jajawur, makin bai kai rabi ba. Kurakuran rubutu kaɗai sun cika shafuka, domin manhajar ta auna Hausarmu da ƙamus ɗin Turanci, ta yanke hukuncin cewa tun daga sallama har lambar waya babu kalmar kirki. Na gwada wata manhajar don in ji ta bakin na biyu, ita kuma ta ba mu maki mai tsoka har da kore. Ashe kowace da mudunta take awo, kuma babu wanda Google ya sa wa hannu a cikinsu. Kawu ya ce a riƙe mai koren, a kori ɗayar. Na ce sam, mai jan ce ke faɗin gaskiya, tunda ita ce mai tsada.

Sai na duƙufa farautar ja. Mafi yawan ƙorafin a kan hotuna ne marasa bayani, wato ɗan rubutun da ake liƙa wa hoto don makafi masu manhajar karanta allo, da injin bincike, su san abin da ke ciki. Abu ne mai kyau, ban musa ba. Amma wanda bai taɓa zama ya siffanta shadda ɗari-ɗari ɗaya bayan ɗaya ba, bai san iyakar harshensa ba. Na rubuta ruwan toka. Na rubuta ruwan toka mai duhu. Na rubuta ruwan toka mai ɗan haske, da ruwan toka mai kama da na ɗazu. Wajen asuba na samu kaina ina rubuta "wannan ma shadda ce, wallahi." Maki ya hau, agogo ya koma kore, na ɗauki hotonsa na tura wa dangi. Kawu ya sake rubuta sunan shagonsa a Google. Maƙwabcinsa ya sake fitowa, har da sabon hoto yana murmushi.

Autarmu ce, wadda ke aji biyu a jami'a, ta leƙo tana cin gyaɗa. "Yaya, ka duba Search Console?"

"Na nawa ne?"

"Kyauta ne. Na Google ne da kansa."

Na yi mata dariyar manya. Ta ja kwamfutar, ta tabbatar wa Google cewa shafin namu ne, ta liƙa adireshin a akwatin dubawa. Kafin ta gama ɓare gyaɗar hannunta amsa ta fito: an hana shafin shiga rumbun bincike da umarnin noindex. A WordPress, manhajar da aka gina shafin da ita, ƙarƙashin saitin karatu, akwai wani ɗan akwati da ake latsawa don a roƙi injinan bincike su kau da kai yayin da ake gini. Yaron da ya gina shafin ya latsa, ya karɓi kuɗinsa, ya tafi bautar ƙasa.

Na koma rahotona mai tsada. Maganar tana nan, can ƙasa, cikin launi mai sanyi, a sahun sanarwa. Manhaja ba ta da hanyar sanin ko da gangan ka ɓoye shafinka, don haka ta ambata a ladabce ta wuce, ta bar ni da ruwan toka.

Da aka yi wa Kawu bayani, ya daɗe yana kallona. "Wato ka share shago, ka jera kaya, ka kunna turare, ƙofa kuma a garƙame da kwaɗo." Bai rufe baki ba saƙon banki ya shigo wayarsa: kwanakin gwaji sun ƙare, an zare kuɗin wata da dala. Yanzu auta ce injiniyar gida, ni kuma ina auna yadi ranar Asabar har bashi ya fita.

Mai karatu, kafin ka miƙa wa kowace manhaja katin kawunka, rubuta site: a Google, ka liƙa adireshin shafinka ba tare da tazara ba. In babu abin da ya fito, je ka duba ɗan akwatin nan tukuna.