Baba Ya Ce a Kashe Mita

Har yanzu falona warin ƙonannen ƙarfe yake yi, gashin hannuna na dama kuma ya tafi, don haka bari in rubuta kafin 'yan majalisar layinmu su gama yi wa labarin kwaskwarima.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 janareta ya zama kayan ado a gidana da ke Kakuri. Na yi ta tari har na tsallaka gada na sayo inbata mai bolt 24 da batura biyu, kowanne bolt 12, amfiya 200, nauyinsa kusan kilo 60. Mai haɗa sola ya ce sai jibi. Ni kuwa na ga jibi ta yi nisa.

A baki aikin ba wuya. Batir kai biyu gare shi, ja da baƙi. Ka sa waya mai kauri ka haɗa jan na farko da baƙin na biyu, sai 12 da 12 su tashi 24, amfiya ta tsaya a 200 ɗinta. In ka yi ja da ja, baƙi da baƙi, amfiya ce za ta koma 400, bolt na nan a 12, inbatar kuma ko tari ba za ta yi ba. Na juya batir ɗaya don wayar ta kai, na ɗaure noti tam. Wannan juyin ya kawo sauran kawunan biyu, ja da baƙi, kusa da juna a ɗaya gefen, tazararsu ba ta kai taƙi ba, ga bolt 24 cif a tsakaninsu.

Sai aka kira ni a salula. Na nemi wurin ajiye sifana, na ga saman batir a share, na ɗora.

Tau!

Na sha maimaita wannan daƙiƙar a raina tun jiya. Bakin sifana ya taɓa baƙi, ba abin da ya faru. Gindinta yana saukowa a hankali, ina ma cewa "salamu alaikum" a salula, ya sauka a kan ja. Wani farin haske ya cika falon, tartsatsi ya kai silin, ni kuma na tsinci kaina a bayan kujera, takalmi ƙafa ɗaya, ban san ta inda na bi ba. Wanda ya kira ni yana ta "Malam, lafiya? Malam?" Sifana kuwa ta manne. Ɗaruruwan amfiya suna bi ta cikinta, sun yi mata walda da kan batir, tana sauya launi a gabana, daga fari zuwa shuɗi, tsakiyarta ta fara ja, dalmar kan batir tana narkewa tana ɗiga. Na miƙa hannu, zafi ya dawo da ni. Na sake miƙawa, don hankali bai riga ya dawo daga bayan kujera ba.

A nan Baba maƙwabcina ya faɗo ba sallama. Ya yi shekaru a masaƙun Kakuri kafin a rufe su, kuma tun daga lokacin duk wata maganar lantarki a layinmu shi ke yanke hukunci. A sashen rini ya yi aiki.

"A kashe mita! Malam, kashe mita!"

"Baba, ai babu wuta tun shekaranjiya!"

"To shi ya sa! Taruwa ta yi a waya!"

Na ce masa batir ne, ba shi da makunni, ba ruwansa da mita. Ya dube ni irin kallon da ake yi wa yaron da ke musu da manya, ya ce a kawo manja. Ban san ko ni za a ba ko batir ba, shi ma ban ga alamar ya yanke shawara ba. Ya ce a zuba ƙasa. Ya ce kowa ya cire takalmi, sannan ya ce a'a, kowa ya sa. Ya umarci ƙaramin ɗana ya daina kallo, wai hasken yana shiga jini. Daga nan ya fita da gudu yana cewa shi zai yi maganin abin daga tushe.

Uwargida ce ta fito daga kicin da muciya, tuwo na jikinta. "Malam, matsa." Duka ɗaya, sifana ta motsa. Na biyu, ta yi tsalle ta faɗa kan ledar ɗaki, ta zana siffarta a jiki har da lamba. Ta duba muciyar, ta dube ni, ta koma kicin ba ta ce uffan ba, wanda ya fi mini zafin ƙunar.

Sai ga Baba yana haki, yana kaɗe hannu. Ya leƙa batura, ya ga shiru.

"Kun gani? Ina zare fis ta mutu."

Ya sa aka sayo madarar gwangwani ya tsaya a kaina sai da na shanye, wai ta wanke wutar da ta shige ni. Na ce bolt 24 ba ta jan mutum da busasshen hannu, ƙuna ce kawai. Ya ce haka duk waɗanda ta ja suke cewa.

Kafin magariba labari ya kai bakin masallaci cewa Baba ya ceci gida guda da iyalinsa. Wajen ƙarfe 9 na dare aka kawo wuta, yara suka yi ihu, duk layin ya haske ban da gidana. Fis ɗin yana aljihun Baba, Baba kuma ya tafi ɗaurin aure Zariya, sai Lahadi.