Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hajiya Uwar Garken Imel Ta Ofishinmu



Bayan gaisuwa da fatan fankokinki na juyawa lafiya, na zo shigar da ƙara, kuma ke ce wadda ake ƙara.

Daren jiya aka yi miki ƙaura zuwa sabuwar na'ura. Da safe na buɗe imel ina neman foldar da na raɗa wa suna "Kuɗin Ƙungiya", sai na yi kiciɓis da "Ku&Alc-in &AZg-ungiya". Hajiya, wane ne Alc? A gidan wa aka yanka ragon wannan suna ba a aiko mini ko goro ba?

Yaron da ke kula da ke ya ce in kwantar da hankalina, wai al'adarku ce. Tun 1996 ƙa'idar IMAP, yaren da kike magana da wayoyinmu, ta yanke cewa sunan folda ba ya ƙetare ƙofa sai da haruffan Ingilishi tsurarsu. Harafi ya zo da lanƙwasa, sai a ƙunshe shi da wani UTF-7 da kuka yi wa kwaskwarima: alamar & a gaba, karan ɗori a baya, harafin a niƙe a tsakiya. Ƙaramar ƙ ta koma &AZk-, ɗ ta koma &Alc-, ɓ ta koma &AlM-. Manhajar wayata ce ke kwance ƙunshin kafin ya iso idona. To, na ji, ba mu kaɗai ba ne, Jamusawa da Larabawa ma haka kike yi musu.

Amma ga inda kika ƙure ni. Tunda & ta zama mai gadin ƙofa, ita ma idan ta zo a karan kanta sai an rubuta ta &-. Masu kwasar kayanki suka tarar da sunan da aka riga aka ƙunshe, suka ga & a ciki, suka sake ƙunshe shi. Kina kallo! Waya ta kwance ɗauri ɗaya ta miƙo mini saura. Matatar da ke rarraba mini saƙonni kuma ta nemi sunan asali ta rasa, sai kika gina mata sabuwar folda fayau. Yanzu rasitan bara na ɗaki ɗaya, na yau na wani, kamar kishiyoyin da ba sa gaisawa, ga ma'aji yana ta kirana.

Ban manta da ɗigo ba. Na rubuta "Alh. Wane", kika ɗauki ɗigon a matsayin katanga, kika tsaga bawan Allah gida biyu. 

Kada ki laɓe a bayan Mark Crispin. Shi ya ƙirƙiro IMAP a Stanford a 1986, lokacin da layuka da dama ba sa ɗaukar abin da ya wuce ASCII, wato haruffan Ingilishi tsurarsu, ya yi nasa. A 2013 aka ba ku damar karɓar UTF-8, mai ɗaukar lanƙwasa kai tsaye ba ƙunshi. A 2021 sabon zubin ƙa'idar, IMAP4rev2, ya mai da shi doka ga sunayen folda. Ke wace shekara kike ciki?

Yaron naki ya ba ni shawara in riƙa cire lanƙwasa don a zauna lafiya. Ba zan cire ba. Ko dai ya sabunta ki, ko ya zauna ya gyara sunayen ɗaya bayan ɗaya da hannunsa, har da na ma'aji.

Naki mai biyayya bisa tilas,
Sakataren Ƙungiya