"Mai Inganci" Sunan Kowa Ne

Mu dai mutanen Funtua da Malumfashi, in muka tashi raɗa wa haja suna, kirari muke yi mata. Leƙa kasuwar Dandume ko ta Bakori ka karanta buhuna da jarkoki: wannan "Mai Inganci", wancan "Mai Tsabta", man gyaɗa kuwa kowa nasa "Zalla" ne. Masu ruwan leda ma duk "fiya wata" suke sayarwa.

Ba laifi, ai mai kaya shi ke yabon kayansa. Rigima sai ranar da ciniki ya kankama, wani a Ƙafur ya buga buhu da irin sunan. Nan za ka ji Alhaji a majalisa yana cewa, "An sace mini suna, alhali ina da takardar CAC!" Mu kuma mu taya shi jimami.

To Alhaji, Allah ya huci zuciyarka. Takardar CAC ta sunan kasuwanci ce. Alamar haja ofishinta daban, yana Abuja ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari. Sashe na 9 na dokar alamun kasuwanci ta 1965 yana son kalmar da ba ta faɗi nau'in kaya ko ingancinsu kai tsaye ba, wadda kuma ba sunan gari ba ce. Dalilin a fili yake: in aka mallaka wa mutum ɗaya "Masarar Funtua", sauran manoman su ce tasu ta ina ce? Irin wannan suna ba ya samun shiga sai an kawo hujjar cewa jama'a sun daɗe suna jin sa, suna tuna kayanka kai kaɗai. Ko an yi rajistar ma, doka ba ta hana maƙwabcinka ya bayyana kayansa bisa gaskiya ba.

Ga tashar tsandauri an buɗe a Funtua a 2024, kayanmu za su yi nisa. Mu zaɓa musu suna kamar yadda muke zaɓa wa 'ya'yanmu: ƙirƙirarriyar kalma, ko "Zakara" a buhun shinkafa, yabon ya biyo a ƙasa. Rajistar farko shekara 7 ce, sabuntawa kuma 14. Kafin a kai wa mai buga buhu aiki, a fara bincikawa ko sunan yana da mai shi.