Risala a Kan Auna Gaskiyar Kanwa

Ka sani, ya kai mai neman sani, kanwa iri uku ce: akwai wadda Allah ya halitta, akwai wadda iskar hamada ta yi wa ƙari, akwai kuma wadda ɗan kasuwa ya taya iskar aiki. Duk ukun a buhu ɗaya ake samun su, tun daga Illo har Tsamiya, inda ƙasar Bagudo ke gaisawa da Segbana ta Jamhuriyar Benin.

Fasali na farko: asalin fannin

Turawa suna jingina wannan ilimi ga wani Bafaranshe, Descroizilles, wanda a 1806 ya ƙera bututun auna ƙarfin kanwa da asid, da kuma Bajamushe Mohr, wanda ya wallafa littafi a kai a 1855. Ba mu musa ba. Sai dai tuni kakanninmu suka taƙaita littafin a kalma huɗu: kanwa ta kar tsami. Abin da Turawa suka ƙara tambaya ce irin ta marasa kara: tsami nawa ta kar?

Fasali na biyu: zaman shari'a

Za ka auno wadda ake tuhuma, giram 1.06, ka narkar da ita a ruwa mai tsabta. Sai ka kira shaida, wato ɗigo biyu na rinin metil oranj, wanda ke zama ruwan ɗorawa muddin kanwa na da sauran numfashi. Mai gabatar da ƙara shi ne asid haidirokulorik, mai ƙarfin rabin mol a lita, a cikin dogon bututu mai ma'auni da famfo. Shi ba a lasarsa. Malaman da suka saɓa wa wannan fatawa ba su iya yin bayanin dalilinsu ba.

Kana sakin asid ɗis-ɗis, kana kaɗa kwalba, kanwa na kumfa kamar fasinjan da aka ce ya kwance kaya a shingen kwastan. Da zarar shaida ya sauya fuska ya nufi ja, ka rufe famfo. Ɗigo ɗaya bayan nan ƙazafi ne.

Fasali na uku: lissafi

A ce ta sha mililita 26. Ka ninka lita 0.026 da rabi, ka sami mol 0.013 na asid. Kowane mol na sodiyom kabonet, wato ruhin kanwa, mol biyu yake kashewa, don haka raba biyu: 0.0065. Nauyin mol ɗaya giram 106 ne. Ninka, ka sami giram 0.689. Raba da 1.06 ɗin da ka auno, ka ninka da ɗari. Kashi 65.

A nan ɗalibi mai zafin kai yake ɗaukar sanda ya nufi kasuwa neman kashi 35 ɗinsa. Zauna, ɗan'uwa. Kanwar tafki, wadda masana ke kira tirona, tun daga halittarta tana ɗauke da ruwa da baikabonet a jikinta. Ko mala'ika ne ya haƙo ta, mililita 28 za ta sha, wato kashi 70. Saboda haka kashi 30 ƙaddara ce, ba a kai ta kotu. Kashi biyar da ya rage shi ne wurin saɓanin malamai: mazhabar masu saye ta ce yashi ne, mazhabar masu sayarwa ta ce albarkar hanya ce.

Fasali na huɗu: raddi

Akwai tsohuwar makaranta, ta tsofaffin mata, wadda ke ɗora ɓarɓashi a harshe, ta yamutsa fuska, ta rage kuɗi. Aibin wannan hanya biyu ne: ba ta da takardar shaida, kuma kafin mai bututu ya gama wanke kwalabensa, wakenta ya nuna, an ci, an sha ruwa, mai kanwar ma ya haye Segbana.

Kammalawa

Mahassada suna cewa duk wannan wahalar banza ce, tunda magabata sun yanke hukunci cewa duk kanwar ja ce. Bincikenmu ya tabbatar da maganarsu: kowace kanwa, ta kirki da ta banza, ja take komawa a ƙarshen gwaji. Bambancin kawai, mililita nawa ta jure kafin asirinta ya tonu. Allah ne masani.