Zuwa Ga Bazazzagi Mai Cin Littafi

Bawana na Zazzau! Katin gayyatarka ya iso Kano lafiya, an kuma karanta shi da ƙarfi a majalisa. Ka ce mu hallara ranar Asabar domin "book lunch". Mu dai a ɗan saninmu "launch" shi ne ƙaddamarwa, "lunch" kuwa abincin rana. Shi ya sa mutanen kasuwar Kantin Kwari suka ce in tambaye ka: da miyar kuka za a ci littafin, ko dafa-duka za a yi? Harafi ɗaya tak ka yi wa rowa, ka mai da marubuci kuku.

Da wani ne ya yi, da na yi shiru. Amma kai ne kullum kake cika mana kunne da cewa a garinku aka yanke wa boko cibiya. Ka ce Kwalejin Barewa taku ce, ba ka faɗin cewa a Katsina aka kafa ta a 1921, sai 1949 ta iso muku bayan ta yada zango a Kaduna. Ka ce ga Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962. Mun ji. To duk tarin malaman Samaru an rasa mai gaya maka cewa "lose" asara ce, "loose" kuma sako-sako? Ranar da ƙungiyarka ta sha kashi ka rubuta "we loose", na ɗauka tazugen 'yan wasan ne ya kwance.

Ga kuma allon shagon ƙanenka mai sayar da biro da takarda: "stationary", wato abin da ba ya motsi, maimakon "stationery". Wannan kam ban ce a gyara ba. Na ga kayan, tun bara suna inda suke.

In za a yi adalci, Turawa ma da nasu laifin. Bayan William Caxton ya kai injin ɗab'i Ingila a 1476, rubutu ya soma daskarewa, baki kuwa ya ci gaba da sauya furuci. Shi ya sa "their" da "there" suke fita da murya ɗaya. Kwamfuta ma ba lalle ta cece ka ba, domin jan layinta ya fi kama kalmar da babu ita a ƙamus. "Lunch" kuwa kalma ce mai lasisi, gidan da ba nata ba kawai ta shiga. Amma wa ya aike ka? Ba a garinku aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 ba? Da ka rubuta "ƙaddamar da littafi" da ka huta, mu ma da ba mu ji yunwa ba.

Na san ramuwarka: Bakano ba ya raba "p" da "f", ya ce "fanka" ya ce "panka". Mu 'yan kasuwa ne, ba mu taɓa cewa mun haifi Turanci ba. Duk da haka, a Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya ɗauki kalmomi 29 na Turancin Nijeriya. Ya karɓi "severally" ɗin nan da kake nufin sau da yawa da ita, har da "next tomorrow" taka ta jibi, sai ka yi sadaka. A cikinsu kuma akwai Kannywood. Na leƙa wajen harafin Z ko zan ga Zazzau, sai na tarar da "zoning" ta 'yan siyasa a zaune.